Bargon da Amarya Ta Bari a Cikin Ruwa

Na Allah ne mu, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 14 ga watan Oktoba, 2025, da hantsi, ina kan keken ɗinki a shagona da ke kasuwar Gaya aka kira ni daga Toranke, aka ce matar yayana Barau ta yanke jiki ta faɗi a tsakar gida. Kafin in samu mashin in isa, an riga an ja mata zani har fuska. Malama Ummu Salma, wadda kowa ya sani da Amarya, ta koma ga Mahaliccinta tana da shekara sittin da 'yan kai. Kafin la'asar mun kai ta makwancinta mun dawo.

Amarya, bari in kira ki da sunan da ni na liƙa miki, tunda yau ba ki da bakin ramawa. Ina yaro ƙarami aka kawo ki gidanmu. Kowa ya gaji da ce miki Amarya ya bari, ni na ƙi, har furfura ta cika miki kai, har jikokinki suka ɗauka sunan yanka ne. Ke kuma kika rama da kirana Maigida-ba-cefane, kuma ko a gaban surukaina ba ki fasa ba. Wasan matar wa da ƙanin miji ne, amma gaskiyar magana ita ce ke kika ƙarasa renona. Rigar makarantata guda ɗaya ce, fara, ni kuwa ba bishiyar mangwaron da ban hau ba a Toranke. Kullum sai na dawo da ita duk ƙaro da jar ƙasa, ki zage ni tas, ki ce hannun da bai iya wanki ba bai kamata ya iya hawan bishiya ba. Da safe in same ta a kan igiya fara sol.

Wannan baiwar ta cire tabo a tufafi da ita aka san ki. Ba sana'a kika mai da ita ba, ba ki taɓa karɓar ko ƙwayar goro a kanta ba. Na tuna wata yarinya da ta ari farin mayafin yayarta ta tafi biki, zoɓo ya zube mata a kai. Ta zo miki tana kuka kamar an yi mata mutuwa. Kika ce ta yi miki shiru kada ta tara miki jama'a, kika jiƙa wurin da ruwan sanyi da lemun tsami, kika ba ta tuwo ta ci kafin ya bushe. Har kika bar duniya yayar ba ta ji labarin ba. Ni ma don ina zaune a gindin turmi ranar ne na sani.

Amma ba wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami ba. Abin da ya hana ni sukuni tun ranar sadakar ukunki shi ne bargon nan, kuma ba zan iya maganarsa ba sai na fara da Muhyiddeen.

Muhyiddeen ɗanki ne na fari, saboda haka ba ki taɓa kiran sunansa ba. “Yaron nan” kike cewa, ko ki ce “wancan”, har ya yi gemu ya yi aure. Da mota ta buge shi a kan mashin ya rasu, shekara kusan ashirin ke nan, matarsa Zaituna tana da tsohon ciki, mata suka cika gida da kuka, ke kuwa kina ta zirga-zirgar ba baƙi ruwa. Akwai waɗanda suka koma gida suna cewa zuciyarki dutse ce. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma taki fuskar ba ta taɓa ba kowa amsa ba. Kunyar ɗan fari ta bi ki har bakin kabarinsa. Ina roƙon Allah Ya sada ku yanzu a inda babu abin da zai hana ki kiransa da sunansa.

Bayan an yi rabon abin da ya bari, aka ba da rigunansa sadaka, suka watsu a gari da ƙauyuka. Sai da aka shekara biyu sannan kika tare ni a zaure wata Juma'a, ba ki ko dube ni ba, kika ce, “Maigida-ba-cefane, rigunan da ka ɗinka wa yaron nan, ai ka san ɗinkinka. Duk wadda ka ga ta mutu a jikin mai ita, ka karɓo mini tsumman.” Na buɗe baki zan yi tsiyar da na saba, na ga yadda kike murza bakin mayafinki, na haɗiye.

Haka na zama mai farautar tsumma. Ni na ɗinka masa kusan duk rigar da ya sa tun da ya girma, kuma farare yake so, shi ya sa ko daga nesa na hango wuyan riga nakan gane nawa ne. Ba ki yarda a karɓi rigar da ke da sauran amfani ba, kika ce sadaka in an bayar ba a karɓo ta. Sai ta yage, ta tashi daga riga, sannan in roƙa. Wata na same ta an mai da ita tsumman goge mashin. Wata an toshe bakin tulu da ita. Wata kuma a Balan na gan ta, a tsakiyar gonar dawa, an rataya wa mutum-mutumin korar tsuntsu. Na tsaya a bakin hanya, na tuɓe tawa rigar na sa wa itacen, na cire ta Muhyiddeen, na koma Gaya da singileti mutane suna kallona. Ban gaya miki inda na samo ta ba. Kika juya ta sau ɗaya kika ce, “Wannan ai kashin tsuntsu ne.” 

Kowane tsumma da irin dauɗarsa ya zo, kuma kowanne da maganin da kika yi masa. Na manja kika barbaɗa masa toka ta tsotse man, kika cuɗa da sabulun salo, kika bar wa rana sauran aikin. Na baƙin mai kika ɗiga masa kananzir kafin ya ga ruwa. Na goro ya fi ba ki wuya, kin yi ta binsa da lemun tsami da gishiri kina shanyawa kina maimaitawa, kina mita cewa yaron nan bai taɓa cin goro ba, don haka wannan tabon ba nasa ba ne, dole ya fita. Amma akwai wani aljihu da tawadar biro ta zube a gindinsa, shi ba ki taɓa ba. Na ce ko ta gagare ki ne, gwanar wanki? Kika ce wannan da ita ya bar rigar. A nan na gane ba tsabta kawai kike nema ba, kina cire abin da wasu suka ƙara ne ki bar abin da yake nasa. Kika yanke wuraren da ke da sauran ƙarfi, kika ninke su a ƙasan kwalla, suka yi shekaru ba wanda ya sake jin zancensu.

Cikin da Zaituna ke ɗauke da shi, shi ne Muhsina. Ba ta taɓa ganin mahaifinta ba, hotonsa ɗaya da muke da shi ma ruwan damina ya cinye fuskar. Da aka yaye ta Zaituna ta yi aure a Balan, yarinyar ta tashi tsakanin ɗakin uwarta da naki. Bana da bazara aka sa ranar aurenta, aka ce sai bayan an gama kaka. A makon ne kika fito da ƙyallayen nan kika fara haɗa su da allura da zare, za ki yi mata bargon rufa. Na ce ki ba ni in zuge su a keke cikin yini ɗaya, kika ce kekena ya je ya ɗinka wa 'yan siyasa. Muhsina ta gaya mini abin da kika ce mata ranar da ta tambaye ki na mene ne. Kika ce, “Kowace amarya ubanta ke sa a raka ta. Ke ma naki zai raka ki ɗakinki.” Iyakar abin da kika taɓa faɗa mata game da shi ke nan.

Tsakiyar bargon fari ne duka. Gefensa huɗu kuwa kika zagaye da jar shadda mai rini, wadda Muhyiddeen ya saya miki da kuɗin gyaɗarsa ta farko, kika ƙi ɗinkawa don kada a ce kina taƙama da kayan ɗan fari. Da na ga ja kusa da fari na yi miki magana, don na san halin rini. Kika ce ba ni zan koya miki ba. Kin riga kin jiƙa shaddar ita kaɗai a ruwan gishiri, kin ɗauraye har ruwan ya kusa yin fari, kuma kin san da saura. Kika ce ja ba shi da amana, amma in kana tsaye a kansa ba ya cuta: ruwan sanyi, a tsoma a ɗaga, kada a bar shi ya kwanta, kada a ninke shi da danshi, a baza shi a inuwa. Gaskiya kika faɗa. Abin da ba mu lissafa ba, daga ni har ke, shi ne ajali zai iya kiranki kina tsaye a kansa.

Ranar Talatar nan kin gama fuskar bargon, saura a sa auduga da shafi. Kika ce gara a wanke ta tun ba ta yi nauyi ba, a fitar da gumin hannu da zanen gawayi. Kika cika babban bahonki, kika zuba gishiri, kika tsoma. Kika miƙe za ki ɗauko sabulu, a nan kika faɗi. Gida ya rikice. Da mata suka zo yi miki wanka suka nemi babban baho, babu wani a gidan sai shi. Maƙwabciyarki Hanne, idonta cike da hawaye, ta tsamo abin da ke ciki ba ta ko duba ba, ta dunƙule shi ta cusa a buhun taki, ta jingina a bayan rumbu. Ba na ganin laifinta, kuma duk wanda ya sake buɗe baki ya zarge ta a gabana zai ji abin da bai so ba. A irin wannan sa'a wa yake tuna wanki? Gawa ake gaggawar suturtawa. A bahon da kika bar bargon a ciki, a nan aka ɗebi ruwan wankanki.

Sai ranar sadakar uku, da aka je ɗebo hatsi, aka ji warin danshi. Muhsina ce ta zazzage buhun. Zafin ƙarshen damina ya dafa shi a ciki, jan ya bi duk inda ninki ya haɗa shi da fari ya kwanta, wani wurin kamar an watsa zoɓo, wani wurin ya yi duhu, ga fumfuna ta yi ɗigo-ɗigo baƙi. Yarinyar nan da ta daure tun ranar Talata, ta gaji halinki, sai ta durƙusa ta rungume shi ta fashe da kukan da har maza a zaure suka jiyo. Ba ƙyalle take wa kuka ba. Uba da kaka ta rasa a buhu ɗaya.

Nan take kowa ya zama gwani. Wannan ta ce bilic, waccan ta ce a tafasa da kanwa, wani ya ce a kai marina a rine shi baƙi gaba ɗaya kowa ya huta. Na ce duk wanda ya kusanto shi da bilic sai na karya masa hannu, yadin da ya sha rana a gona ko numfashi mai ƙarfi bai so, balle bilic. Ni da Hanne muka haɗa ɗan abin da muka tsinta a wurinki. Fumfunar ta bi lemun tsami da gishiri da rana, ta tafi. Jan kuwa ruwan sanyi bai ko girgiza shi ba. Abin da zai fitar da shi sai ruwan zafi da sabulu mai yawa, a bar shi ya jiƙu a yi ta sauyawa. Amma in aka sa ruwan zafi alhali shaddar tana jiki, sabon ja za ta zubo ya fi na da. Dole sai an farke gefen an cire ta tukuna. Wato in ana son farin Muhyiddeen ya dawo, sai an warware ɗinkinki.

Ba ni da hurumin yanke wannan, Yaya Barau ma ya ce shi ba ya ciki. Na zaunar da Muhsina na yi mata bayani. Ta daɗe tana shafa gefen, sannan ta ce, “Baba Tela, Dada fari ta so in tafi da shi. Shekarun da ta yi tana wanke shi ba za su tafi a banza ba. Ka farke.”

Na sa reza a kusurwar da kika fara. Shekara talatin da wani abu ina farke ɗinkin mutane, ban taɓa farke wanda ya yi mini wuya haka ba. Ɗinkinki ƙanana ne, a jere, a matse kamar ƙwayar gero a zangarniya, har ina ce miki a zuciyata kin ga irin wahalar da taurin kanki ya ja mini. Gefen farko ya fita, na biyu ya fita. A na uku na fara ganin tazara tana buɗewa nan da can, na ce zare ne ko hasken ɗaki. Da na juyo na huɗu, wanda kika ɗinka a makonninki na ƙarshe, sai na ajiye rezar. Wani ɗinkin dogo, wani gajere, wani ya kauce daga layi ya faɗa cikin fari, wani wurin allura ta shiga ta fita a rami ɗaya ba ta kama komai ba. Na buɗa ninkin, na ga ɗigon jini ƙanana sun bushe a ciki, ba ɗaya ba, ba biyu ba. Ke da ba ki barin tabo ya kwana. Allura tana sokar yatsanki ba ki ji.

Hannun ya daɗe yana mutuwa, Amarya, kuma ba ki gaya wa kowa ba. A zaune a wurin abubuwa suka riƙa dawo mini. Zuwana na ƙarshe kin ba ni allurai kin ce in zura miki zare a dukansu, na yi dariya na ce tsufa ya kama amarya. Kin miƙo mini ruwa kofin ya suɓuce, na ce rowa ce ta sa kika zubar. Hanne ta ce ta lura kin koma tuƙa tuwo da hagu. Muhsina ta ce kina yawan cewa kanki na sara. Kowa ya ga guntunsa, ba wanda ya haɗa. Asibiti ba nisa, awon jini ba wuya. Na san ajali ba ya jinkiri, kuma na san dalilinki: da mun sani da mun ƙwace allurar mun kwantar da ke, ke kuwa ranar biki kike tsere da ita. Duk da haka abin yana cina. Na iya karanta ɗinkinki bayan kin mutu, na kasa karanta hannunki kina raye a gabana. Da na sani ƙeya ce, kuma tawa ta yi nauyi.

Na kira Muhsina na nuna mata. Ta bi layin da yatsa tun daga kusurwa har kusurwa, ta tsaya a kan ɗigon jinin. Ta ce, “Wannan gefen kada ka taɓa shi.” Na ce in an bar shi, farin da ke kusa da shi ba zai shiga ruwan zafi ba, jan zai zauna har abada. Ta ce ta ji.

Haka muka yi. Muka naɗe gefen na huɗu a jikin sanda, muka ɗora ta a bakin baho ta yadda ruwa ba zai kai gare shi ba, muka jiƙa sauran. Hanne ta hana kowa taɓa tukunyar ruwan zafin, ita ta yi ta ɗorawa tana saukewa, ina ganin da haka take rage abin da ke ranta. Ruwan farko ya fito ja, na bayansa ya yi fatsi-fatsi, har muka kai ga wanda ya fito garau. Farin ya dawo, ba kamar yadda kika bar shi ba, don in an ɗaga shi a rana ana ganin inuwar abin da ya faru. Shaddar da na cire mun wanke ta daban har ta daina zuba, na mayar da ita da hannu, ban kai ta keke ba. Ɗinkina bai kai naki ba, kuma na san da kina nan sai kin faɗa a gaban mutane.

Ya Allah, ga baiwarKa Ummu Salma ta zo gare Ka. Ka gafarta mata, Ka yi mata rahama, Ka yalwata kabarinta Ka haskaka shi. Ka wanke ta daga kurakuranta kamar yadda ake wanke farin tufafi daga dauɗa, Ka sanya ciwon da ta ɓoye ya zama kaffara, Ka sa Aljannar Firdausi ce makomarta. Mu kuma Ka yafe mana sakacinmu, in tamu ta zo Ka sa mu cika da imani.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Yaya Barau, wanda ya rasa abokiyar zaman da ba ta taɓa ɗaga masa murya ba, da 'ya'yanta da jikokinta, da 'yan'uwanta, da Zaituna, da Hanne, da jama'ar Toranke baki ɗaya. Allah Ya ba mu haƙurin rashinta.

Ke kuma Muhsina, Yaya ya ce ba za a ɗaga bikinki ba, kuma ya yi daidai. Na sa audugar, na sa shafin, bargonki yana nan a naɗe. Mata za su shigo ganin ɗaki, kuma a cikinsu ba za a rasa wadda za ta ɗaga gefen nan ta ce wace ce ta yi wannan karkataccen ɗinki, ta kuma bar ja ya zuba a fari. Kada ki ji kunya, kada ki juya shi ta bango. Ki ce mata kakarki ce, da hannun da ya riga ya daina ji, kuma sai da ta kai ƙarshen layin sannan ta faɗi.

Allah Ya jiƙan Amarya.

Hafizu Tela, Gaya